Shafin Kariya a Kan Metal Ɗin Injinan Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa haɗa injin da ake matsa wa lamba, na tsere ne ko na titi da aka ƙara wa turbo, ya san inda hankali ya fi tashi: can ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa a cikin metal. A shekarun nan kasuwa ta cika da metal masu shafi, wasu baƙaƙe, wasu ruwan toka, wasu ja, kowane kamfani na yabon nasa. Shafin yana da amfani na gaske, amma amfaninsa na da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ya kashe injina da dama. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Da farko, boris ake nufi ko metal?

Aikinsu ɗaya ne, su riƙe ƙarfen da ke juyawa kada ya ci mazauninsa, amma ƙirarsu ta bambanta. Boris yana da ƙwallaye ko 'yan sanduna da ke mirginawa. Metal kuwa ɓari biyu ne na siririn ƙarfe, kowanne rabin da'ira, idan aka haɗa su sai su rungume wuyan karanshaf. Akwai na gindi da ke zaune a bulok suna ɗauke da karanshaf gaba ɗaya, akwai kuma na konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Kusan duk injin mota na yau metal ne a waɗannan wurare, don haka yawancin maganar a kansa take. Boris zai zo can gaba.

Na ji an ce baƙin mai ne ke raba ƙarfe da ƙarfe. To me ya kawo shafi?

Haka ne. Muddin inji na gudu lafiya, wuyan karanshaf ba ya taɓa metal, shawagi yake yi a kan wata siririyar shimfiɗa ta baƙin mai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ba famfon mai ne ke ɗaga karanshaf ba. Famfo kawo man kawai yake yi, da matsin da bai cika wuce bar 3 zuwa 5 ba a yawancin injina. Juyawar wuyan ce ke jan man tana cusa shi cikin matsattsen lungun da ke tsakaninsa da metal, a nan matsin ke hawa zuwa ɗaruruwan bar. Wani injiniyan Ingila, Beauchamp Tower, shi ya ci karo da wannan a 1883 yana gwaji a kan irin metal ɗin ƙafar jirgin ƙasa. Ya huda rami a samansa, mai ya dinga bulbulowa, ya toshe da katako, man ya turo katakon waje. A 1886 Osborne Reynolds ya fitar da lissafin da ya bayyana dalilin, kuma da shi ake aiki har yau.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A injin da ke ɗauke da nauyi mai yawa, inda shimfiɗar ta fi siranta ba ta wuce maikiron ɗaya ko biyu, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai wajen maikiron 70. Abu kaɗan ke yanke ta. Lokacin tayar da inji babu ita sam, domin wuyan bai fara juyawa da saurin da zai ja man ba. Idan mota ta sha kwana da gudu, mai na iya taruwa gefe ɗaya na kaskon ƙasa, famfo ya zuƙi iska. Idan man ya yi kumfa, ko fetur ya tsinka shi, ko zafi ya mai da shi ruwa-ruwa, ƙarfinsa ya ragu. Idan fetur ya fashe a silinda ba bisa ƙa'ida ba, konrod zai doki wuyan da ƙarfin da ya fi wanda aka yi lissafi. Karanshaf kansa yana ɗan lanƙwasawa a babban gudu har ya goga gefen metal. A irin waɗannan 'yan lokutan ne ƙarfe ke taɓa ƙarfe, kuma don su kaɗai aka yi shafi.

Da me aka yi metal ɗin kansa, kafin a zo kan shafi?

Hawa-hawa ne. Irin da masu tsere suka fi sabawa da shi yana da baya na ƙarfe mai tauri, sai gamin jan ƙarfe da dalma mai kaurin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, sai wani siririn shinge na nikel, sannan fuska mai laushi ta dalma da kuza da ɗan jan ƙarfe, wadda ba ta cika wuce maikiron 12 zuwa 20 ba. Jan ƙarfen ke ɗaukar duka. Fuskar mai laushi kuwa ita ke haɗiye ƙananan datti su nutse a cikinta, kuma ita ke miƙa wuya ta daidaita da wuyan karanshaf idan akwai ɗan karkata. Nikel ɗin yana hana kuzan fuska sulalewa cikin jan ƙarfe idan an yi zafi. Ɗaya irin kuma hawa biyu ne kawai, ƙarfe da gamin alminiyom da kuza, wani lokaci da silikon. Shi ne ya fi yawa a motocin yau da kullum.

Dabarar ɗora ƙarfe mai laushi a kan mai tauri tsohuwa ce. Ba'amurken nan Isaac Babbitt ya yi rajistar tasa a 1839. Siririn metal da ake cirewa a sa wani kuwa ya bazu ne daga shekarun 1930, kuma Tony Vandervell na Ingila, wanda ya yi arziki da ƙera shi, da kuɗin metal ɗin ya gina motocin Vanwall da suka ci kofin masu ƙera mota na Formula 1 na farko a 1958. Na kawo wannan ne don a gane cewa fuskar dalma ɗin ma shafi ce. Abin da ake sayarwa yau ƙari ne a kanta, ko kuma madadinta.

To shi sabon shafin, mene ne a cikinsa?

Abu biyu ne: manni da kuma garin santsi. Mannin yawanci wata roba ce mai jure zafi da ake kira foliyamayid-imayid, wadda ba ta fara saki sai zafi ya haura digiri 270, nesa da abin da baƙin mai zai iya jurewa. A cikinta ake cuɗa garin moli, wato gamin molibdenom da farar wuta, da girafayit, irin wanda ke cikin fensir, da Teflon. Moli da girafayit ƙirarsu falle-falle ce kamar karta, kowane falle yana da ƙarfi amma yana zamewa a kan ɗan'uwansa cikin sauƙi, shi ya sa suke ɗaukar nauyi kuma suna santsi ko ba mai. Wasu kamfanoni suna ƙara 'yan ƙwayoyi masu tauri don shafin ya daɗe, su kuma goge wuyan karanshaf a hankali. Jan launin shafin IROX na kamfanin Federal-Mogul, alal misali, daga garin tsatsar ƙarfe da aka zuba a ciki yake. Clevite na da TriArmor, King na da pMaxKote, Calico kuma na shafa CT-1 a kan metal ɗin wasu kamfanoni.

Yadda ake yi: a wanke metal tas, a ɗan kakkarta fuskarsa da feshin gari mai laushi don manni ya kama, a fesa shafin, sannan a gasa a tanda. Gashin yana buƙatar kula, domin kuzan da ke ƙarƙashi a digiri 232 yake narkewa, kuma tun kafin nan fuskar dalma ke fara lalacewa.

Shi ne wanda ake kira sputa?

A'a, wannan wata hanya ce daban. A sputa ana sa metal a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a dinga harbo ƙwayoyin alminiyom da kuza daga wani faranti suna sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya, har su yi fuska mai tsananin ƙarfi da ke ɗaukar matsin da ya haura megafaskal 100, wato bar 1,000. Injinan dizal masu turbo ne suka fi amfani da shi, kuma galibi ɓari ɗaya ake sawa, na saman konrod, inda dukan fashewar ke sauka. Ƙarfinsa ne kuma rauninsa: ba ya haɗiye datti, ba ya yafe karkata. Idan ka buɗe kwali ka ga ɓarin biyu launinsu ba ɗaya ba, duba takarda da kyau kafin ka ɗaura, domin juya su na nufin ka sa mai laushin a inda duka ya fi yawa.

Me ya sa yanzu har motocin da ba na tsere ba suke zuwa da shi daga kamfani?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Tarayyar Turai ta yi doka a 2000 kan tsofaffin motoci, wadda ta taƙaita dalma, kuma sassaucin da aka yi wa metal ɗin inji ya ƙare a Yulin 2011 ga sababbin motoci. Dole aka nemi abin da zai yi aikin da dalma ke yi. Sai kuma tsarin da ke kashe inji idan an tsaya a danja ya kunna idan an saki birki. Masu ƙera metal sun ƙiyasta cewa inji na da yakan tashi sau wajen 50,000 a tsawon rayuwarsa, mai wannan tsarin kuwa yana iya kai 250,000 ko fiye, kuma kowane tashi gugar ƙarfe ce. Na uku, baƙin mai ya koma tsinkakke, 0W-20 da 0W-16, don a rage shan fetur. Wannan ya amfani masu tsere, domin shafin da a da ƙananan masana'antu ke yi, yanzu manyan kamfanoni sun gwada shi a miliyoyin injina.

Shafin yana cin tazarar mai?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a rubutun nan. Tsohuwar ƙa'idar masu haɗa inji ita ce a bar tazarar kusan inci 0.001 ga kowane inci na kaurin wuyan karanshaf, a ƙara wajen inci 0.0005 idan injin zai sha wuya. Ɗauki wuya mai kaurin inci 2, wato milimita 50.8. Tazararsa za ta kama inci 0.002 zuwa 0.0025, maikiron 50 zuwa 63 ke nan. Shafi yakan kai inci 0.0003 a kowane ɓari. Ɓari biyu ne, don haka inci 0.0006 ya tafi, wajen maikiron 15. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar, ko ma fiye, ya salwanta ba tare da ka taɓa karanshaf ba.

Idan tazara ta matse, man da ke ratsawa ya ragu, kuma man nan shi ke kwashe zafi. Metal ya yi zafi, man ya ƙara tsinkewa, shimfiɗa ta ƙara siranta. Mutum ya sayi shafi don ya tsare injinsa, shafin kuma ya zama sanadin bugawarsa. An gudu ba a tsira ba.

Metal da ya zo da shafi daga masana'antarsa, wasu an riga an rage kaurin ƙarfensu don a ba shafin wuri, wasu kuma ba a rage ba. Wanda ka aika aka shafa maka kuwa tabbas ya ƙara kauri. Maganin duka ɗaya ne: awo bayan shafi. Ka zaunar da ɓarin biyu a mazauninsu, ka ɗaure kusoshi da ƙarfin da littafin injin ya faɗa, ka auna cikin ramin da ma'auni mai agogo, daga tsakiyar ɓarin sama zuwa tsakiyar na ƙasa. Kada ka auna kusa da mahaɗar ɓarin, domin da gangan aka sirantar da metal a wurin. Sannan ka auna wuyan da maikiromita, ka debe. Zaren Plastigage, wanda ake matsewa tsakanin wuya da metal don a ga tazara, yana nuna babban kuskure, amma ga injin da zai yi juyi 8,000 a minti bai wadatar ba. Idan tazarar ta gaza, akwai metal masu alamar X da ke ba da ƙarin inci 0.001, kuma ana iya haɗa ɓari ɗaya na X da ɗaya na daidai daga kamfani ɗaya da iri ɗaya a samu rabin haka.

Kan ma'aunin zai bar ɗan layi mai sheƙi a kan shafin. Wannan ba lahani ba ne, sai dai idan farce na kamawa.

Ai shafin zai goge da kansa, tazarar ta dawo?

Zai ɗan lafa, ya yi sheƙi, amma kada ka gina lissafinka a kan haka. Awannin farko su ne mafi haɗari ga sabon inji, kuma a lokacin ne shafin ke da cikakken kaurinsa. Haka nan kada a goge shi da samfefa ko soson ƙarfe don a buɗe tazara, domin garin da zai maƙale a fuskar shi zai koma ya ci karanshaf.

Yana ƙara ƙarfin doki?

Ba abin a zo a gani ba. Lokacin da shimfiɗar mai ke nan daram, jan da ake samu daga cikin man kansa yake, kuma bai damu da abin da ke fuskar metal ba. Wanda ya sayar maka da shafi da alkawarin ƙarin doki, ka riƙe kuɗinka. Inda riba ke iya fitowa ita ce ta bayan fage: shafin yana ba mai haɗa inji ƙwarin gwiwar amfani da tsinkakken mai, shi kuma tsinkakken man ya rage ja.

Roba ba ta wuce da zafi. Ba zai dafa metal ɗin ba?

Tambaya ce mai ma'ana. Jan ƙarfe ya fi irin wannan roba wuce da zafi sau ɗaruruwa. Sai dai kaurin shafin 'yan maikiron ne, kuma mafi yawan zafin, man da ke fita ta gefen metal ne ke tafiya da shi. A kaurin da aka saba, matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Tana fara zama matsala idan aka lafta shafi da kauri, ko aka kai shi inda bai kamata ba.

Ina ne bai kamata ba?

Bayan metal da kuma bakin mahaɗar ɓarin. Kowane ɓari an yi shi ya ɗan fi mazauninsa tsawo, ta yadda idan aka ɗaure kusoshi zai matsu ya manne da konrod ko bulok gam. Wannan matsewar ce ke hana metal juyawa. Ɗan kunnen da ke gefe don saiti kawai aka yi shi. Ta wannan mannewar kuma ragowar zafin ke ratsawa ya shiga ƙarfen konrod. Abu mai santsi a baya yana rage riƙo, yana tare zafi, yana kuma ɓata zagayen ramin. Shi ya sa ko mai ba a shafa wa bayan metal wajen ɗauri. A bushe yake shiga, a tsabtace.

Zan iya sayen gwangwanin moli in fesa da kaina?

Ban ba da shawara ba. Wahalar ba a fesawar take ba, a daidaiton kaurin take. Idan wani gefe ya sami maikiron 5 wani ya sami 15, ka mai da ramin da aka ƙera da ƙyar ya zama karkatacce. Ga kuma wankin fuska da gashi, waɗanda idan ba su yi ba shafin zai ɓare falle-falle ya bi mai ya toshe hanya. Feshin gwangwani yana da wurinsa a kan kusoshi da makamantansu.

Idan mai ya yanke gaba ɗaya, shafi zai ceci injina?

Zai saya maka daƙiƙu. Wani lokaci daƙiƙun nan sun isa: famfo ya zuƙi iska a doguwar kwana, matsin mai ya faɗi ya dawo, metal marar shafi ya fara narkewa ya kama wuya, mai shafi kuwa ya goge kawai ya wuce. Bambancin shi ne tsakanin canza metal da sayen sabon karanshaf da konrod, watakila har da bulok. A nan kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Amma idan bututun mai ya fashe kuma direba bai ɗaga ƙafa ba, babu shafin da zai hana inji bugawa. Injin da ke yawan rasa mai a kwana kuwa kaskonsa ke buƙatar gyara, a sa masa shingaye a ciki, ko a koma tsarin da ke ajiye mai a tanki na daban.

Haka ma gajiyar ƙarfe. Nauyin da fistin da konrod ke jefawa kan metal yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: daga juyi 6,000 zuwa 8,500 a minti ya riga ya ninka sau biyu. Idan nauyin ya fi ƙarfin jan ƙarfen da ke ƙasa, zai tsattsage daga ciki, shafin kuma ya tafi tare da shi. Shafi mai kyau a kan metal da bai kai aikin ba asarar kuɗi ce.

Na buɗe inji na ga shafin ya goge a wasu wurare. Lalacewa ce?

Ya danganta da inda ya goge da kuma yadda ya goge. A nan shafi ke da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, domin duhun launinsa yana nuna duk inda aka taɓa shi fiye da farar fuskar dalma. Ka jera ɓarin a kan farin ƙyalle bisa tsarin da suka fito, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, ka kai su wurin haske.

Sheƙi mai faɗi a tsakiyar ɓarin saman konrod, shafin na nan amma ya yi sumul, wannan aiki ne na yau da kullum. Idan ya goge a gefe ɗaya a ɓarin sama, ya kuma goge a ɗaya gefen a ɓarin ƙasa, konrod ya lanƙwashe. Idan bakin biyu duka sun ci, ko dai karanshaf na lanƙwasawa, ko metal na hawa kan lanƙwasar da ke gindin wuya, wadda a karanshaf ɗin tsere ta fi faɗi, sai a nemi metal da aka rage wa faɗi. Guga kusa da mahaɗa tana nuna cewa a babban gudu bakin konrod na miƙewa ya zama kamar ƙwai, gefunan su matso ciki, ko kuma kusoshin sun saki. Dogayen layuka da suka zagaye datti ne, kuma kusan kullum daga wankin da bai fita ba ne lokacin haɗi. Ƙananan ramuka kamar cin gara, yawanci kusa da ramin mai ko kwarinsa, aikin kumfar tururi ce da ke fashewa a jikin fuskar. Idan ɓarin saman konrod ya daddauje, kuma da ka cire murfi ya faɗo da kansa maimakon ya riƙe, fashewar fetur ba bisa ƙa'ida ba ce ta yi masa duka, sai a koma kan saitin wuta da ingancin fetur. Idan kuwa ka ga jan ƙarfe ya leƙo, fuskar ta yi baƙi ta malale, bakin konrod ya yi shuɗi, ga ƙaurin ƙonannen mai, to mai ne ya yanke ko tazara ta yi kaɗan.

A duk waɗannan, sa sabon metal mai shafi ba tare da gano dalilin ba maimaita aikin ne kawai.

Akwai man da bai dace da shi ba?

Baƙin man inji na kirki, na haɗin sinadari ko na gargajiya, duk yana tafiya da shi. Abin lura shi ne injinan da ke shan metanol ko fetur mai yawan etanol, domin suna zubo shi da ruwa cikin kasko, man ya tsinke ya yi fari-fari. Shafi yana taimakawa sosai a nan, amma canjin mai a kai a kai ya fi shi. Can ƙarshen lamarin akwai motocin Top Fuel na Amurka masu shan naitrometen, masu ƙarfin doki wajen 11,000, da ke cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Su bayan kowane gudu ɗaya ake warware injin a duba metal.

Shi wuyan karanshaf fa, yana buƙatar wani shiri?

Yana buƙata. Shimfiɗar da ba ta wuce maikiron biyu ba ba za ta rufe kaushin da ya kai haka ba. Ana son santsin wuyan ya kai maikiron 0.25 ko ƙasa a ma'aunin kaushi da ake kira Ra, ya zama zagayayye, kuma kaurinsa ɗaya daga baki zuwa baki. Ka ja farce a kai, idan ya kama wani abu, shafin ma zai kama shi. Bakin ramin mai kuma a daddale shi kada ya zama wuƙa.

To boris, da sauran sassa?

Su nasu shafin daban ne, domin nauyin yana taruwa ne a ɗan ɗigon da ƙwallo ya taɓa, kuma roba ba za ta rayu a wurin ba. Akwai baƙin rini da ake yi da sinadari, mai kaurin maikiron ɗaya zuwa biyu, wanda ke taimakon sabon boris ya zauna. Akwai shafin kabon mai tauri da ake kira DLC, wanda ya fi ƙarfen da aka gasa tauri nesa, ana sa shi a fil ɗin fistin da sassan da kamshaf ke dannawa. A boris ɗin turbo wasu sun bar ƙwallon ƙarfe sun koma na tangaran ɗin silikon naitirayid, mai sauƙin nauyi da jure zafi. Sai azurfa, wadda ake shafa wa kejin da ke riƙe ƙwallaye a injinan jirgin sama da kuma konrod ɗin baburan tsere masu bugu biyu. Kamfanin Pratt & Whitney ya yi amfani da azurfa da dalma da indiyom a metal ɗin babban konrod na injinan jiragensa tun ƙarshen shekarun 1930. Azurfa tana da sharaɗi: sinadarin zinki da ke cikin man mota yana cin ta, shi ya sa injinan jirgin ƙasa na kamfanin EMD masu azurfa a fil ɗin fistin ake zuba musu man da babu zinki.

Ta yaya zan san halin da metal ke ciki ba tare da na warware inji ba?

Gwajin tsohon mai a ɗakin bincike yana nuna dalma da jan ƙarfe idan sun fara hawa, kuma sakamako uku ko huɗu a jere sun fi guda ɗaya faɗin gaskiya. Sai dai muddin shafi na nan, yana rufe dalmar, kuma metal na alminiyom ba shi da dalmar da za a gani tun farko. Gwajin ma ƙananan ƙwayoyi kawai yake kamawa. Don haka ka haɗa da yanka filtar mai da abin yankan da ba ya zubar da gari, ka ware takardar, ka matse man, ka duba cikin lanƙwasarta a rana. Ƙyalli mai ruwan jan ƙarfe da maganaɗisu ba ya ɗauka daga metal yake. Matsin mai da ke raguwa a hankali idan inji ya yi zafi shi ma alama ce.

A ƙarshe, wa ya kamata ya saya?

A ganina, duk injin da ke yin babban juyi na dogon lokaci, ko mai turbo da aka ƙara wa matsi, ko mai shan metanol, ko motar da ke shan kwana a filin tsere, ko wadda ke daɗewa a ajiye kafin a tayar, ya cancanci shafi. Injin yau da kullum da ake gyarawa ya koma yadda yake, metal irin na kamfaninsa ya ishe shi, kuma idan da shafi ya zo a mayar masa da mai shafi. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, ya fara da awo mai kyau da wankin hanyoyin mai da buroshi da ruwan zafi da sabulu.

Ranar ɗauri kuma, a goge metal da ƙyalle marar gashi, kada a jiƙa shi cikin sinadari mai ƙarfi. A shafa man haɗi a fuskar ko da akwai shafi. A juya karanshaf da hannu bayan ɗaure kowane murfi, idan ya yi nauyi a tsaya a nemo dalili. Kafin a ba inji wuta, a tura mai ya cika hanyoyi har agogon matsi ya motsa, sannan bayan gudun farko a zubar da man a yanka filtar a duba.